Motar da Ba Ta Ɗaukar Albasa

A wani kango na Sifawa na fara ganinta, ranar da na kai wa Malam Haliru taki a kan babur. Ja ce, ko in ce ta taɓa zama ja, don rana ta cinye fentin har ya koma kamar busasshen tattasai. Toyota ce tsohon yayi, mai ƙofa biyu. Kujerun gaba na kirki ne, ta baya kuwa ko akuya ce sai ta naɗe ƙafa. Ga ta ƙasa-ƙasa, kai ka ce ta durƙusa gaida wani. Malam ya ce ta ƙanensa ce da ya yi aiki a Legas, ya dawo da ita, Allah ya yi masa rasuwa, tun daga nan ba wanda ya ƙara tayar da ita. Na zagaya ta, na sake zagayawa. Sai da na yi ta komawa gaisuwa babu dalili, rannan ya dube ni ya ce, "Zayyanu, ni kaka gaidawa ko motar ga?"

Da bijimin da na yi kiwo muka yi musaya. Ya ce ya cuce ni, na ce na yafe.

Mu gandu muke yi a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Danchadi. Tun da tsohonmu ya rasu, Yaya Mainasara ne babba. Daga asuba zuwa azahar ƙarfin kowa na gandu ne, gero da damina, albasa a fadama da rani. Bayan azahar kuma lokacinka ne, ka je gayaunarka, 'yar gonar da aka yanka maka, ko ka kwanta ka yi barci, ba mai tambayarka. Ni sai na raba nawa biyu, rabi gayauna, rabi ƙarƙashin mota a rumfar bayan gida.

Firamare ma ban ƙarasa ba. Abin da na sani na inji, wajen gyaran injin ban ruwa na koya, sai kuma bidiyo a waya. Ba na jin Turancinsu, hannayensu nake kallo. Ɓeraye sun cinye wayoyin motar, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaurawa. Tankin mai ya yi tsatsa, na kwance shi, na zuba tsakuwa da kananzir, na yi ta mirgina shi a tsakar gida har Inna ta ce in ban daina ba za ta yi mini rukiyya. Kafireta kuwa ban san sau nawa na warware ta na wanke ba. Nakan shimfiɗa tsohon zane in jera ƙananan ƙusoshin a kai yadda suka fito, don in na yi gaggawa ɗaya ya faɗa cikin yashi, to ya tafi ke nan. Shi ya sa ba na gaggawa. Abin da babu shi a Bodinga sai in shiga Sakkwato wajen masu tsofaffin kayan mota, in yini ina tono, wata rana in samu, wata rana in dawo da baƙin hannu kawai.

Fitilunta irin masu ɓuya cikin bonet ne, sai ka murɗa su ɗago. Ta dama takan tashi tsaf, ta hagu sai ta tsaya rabi. Mutanen majalisa suka sa mata suna Mai Gyangyaɗi. Ban ji haushi ba, sunan ya dace.

Ranar da ta tashi, damina ta biyu ce da zuwanta. Ta yi tari, ta watso baƙin hayaƙi, ta mutu, ta sake tari, sannan ta kama. Murya gare ta mai kauri, ba irin ta motocin haya ba, kana jinta a ƙirji kafin kunne. Tun daga nan duk Juma'a bayan la'asar nakan lallaɓa da ita ta hanyar ƙauye, ina kauce wa kowane tudu don kada cikinta ya gogi ƙasa, har in hau kwalta. Daga Bodinga in miƙa Sifawa, in juyo. Ba na ɗaukar kowa, ba na ɗaukar komai. A gidanmu kowane abu da aikinsa: jaki, rijiya, galma, ni kaina. Ita kaɗai ce ba a tambaya me ta kawo da yamma.

Bana albasa ta yi kyau, sai dai kowa tasa ta yi kyau. Motocin kaya suka yi wuya. Dillalai sun kama direbobi tun kafin a fara cira, mu ƙananan manoma sai jira. Zafi ya shigo da wuri, tulin da muka tara a bakin fadama ya fara wari daga ƙasa. Ina ganin Yaya kullum yana zagaya shi, yana zaro ruɓaɓɓu yana jifa da su cikin rami. Ya rame. Gidan duka a wuyansa yake, ban taɓa musun wannan ba.

Rannan bayan mun ci tuwo ya ce, "Zayyanu, zamna. Magana za mu yi."

Na zauna.

"Direban da yac ce shina zuwa shekaranjiya, yau ma bai zaka ba. Ka san Bala mai walda na Shagari? Shi yay yanke motar Auwal, yay yi mata bodi. Dubi Auwal yanzu, ko barci ba shi samu don aiki. Taka za mu kai. A yanke bayan, a ɗaga ta sama kaɗan, a sa mata bodi. Mu huta da roƙon mutane."

"Yaya, wagga ba motar kaya ba ta."

"To ta mi ta?"

"Ta tahiya."

"Tahiya ina?"

"Sifawa, in dawo."

"Mi kaka ɗaukowa Sifawa?"

"Ba komi."

Ya ce, "Kai dai Allah shi shirye ka. Mutane na dariyarmu, albasa na ruɓewa, ga inji lahiya lau a rumfa ana shafa mai mai kamar amarya."

Na ce a yi haƙuri, amma ni ba na so a yanka ta. Na faɗa a hankali, kaina a ƙasa, amma na faɗa sarai yadda ba zai ce bai ji ba.

"Ba ka so. To batirin da ac cikinta na wa na? Ba na solar gida ba na? Tiyon lagireto hwa, ba na injin ban ruwan gandu ba na? Abin da hannun gandu ya shiga, gandu na da iko da shi. Haka mun ka tashi mun ka iske."

Gaskiya ya faɗa. Batirin ya yi sanyi aka canja wa solar sabo, na roƙa ya ce in ɗauka. Tiyon ma daga mataccen inji na yanko, da saninsa. Amma a wajenmu, abin gandu ko an ba ka aro ne. Na tashi na fita, shi kuma ya ɗauka maganar ta ƙare.

Kwana kaɗan bayan haka ya tura ni ban ruwa can ƙarshen fadama, ya ce shi yana da uzuri. Na dawo da azahar, na zagaya bayan gida don wanke ƙafa, sai na ga rumfa wayam. Sawun taya ya fita ta ƙofar baya, ga ɗigon baƙin mai a inda ta saba tsayawa. Makullin yana aljihuna.

Inna tana bakin murhu, ba ta ɗago ba ta ce, "Tun hantsi sun ka tahi da ita. Auwal za shi Kajiji hwanko, shi yaj ja ta da igiya. Zayyanu, don Allah kada ka tada mani hankali. Yayanka na."

Na ce, "Na sani, Inna."

Na yi alwala na yi salla. Ta zubo mini fura na sha, don na san in ban sha ba za ta shiga damuwa. Na sa riga mai tsabta, na ɗauki jakar sifanu da buhu guda fanko. Babur ɗin gida ba mai a ciki, sai na taka zuwa bakin hanya na hau kabu-kabu har kwalta, daga nan na samu motar Shagari.

Garejin Bala fili ne a bayan kasuwa, cike da rabin motoci. Rufin wannan a jingine da bango, ƙofar waccan an yi inuwa da ita. Tawa tana tsakiya. An cire gilashin baya an ajiye a kan tsohuwar katifa, an ja layi da alli daga wannan gefe, ya haye rufi, ya sauka wancan gefe, daidai bayan ƙofofi. Ba a taɓa ta da ƙarfe ba tukuna. An ɗauke wuta tun safe, janaretan Bala kuma yana wajen gyara.

Bala ƙato ne, baƙin tabarau a goshi, ba ya rufe baki. Yana ganina ya ce, "Ahaf! Ga ango ya iso. Mainasara, ba ka ce mani amaryar da mijinta ba."

Yaya yana zaune a kan benci. Na je gabansa na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi gajiyar hanya. Ya amsa a gajarce. Na gaida Bala da mutanen da ke zaune suna jiran aikinsu.

"Wa kab bar ma ruwan?" in ji Yaya.

"Na gama, Yaya. Sai da azahar tay yi nit taso."

Na tashi na buɗe bonet. Na shimfiɗa buhun a ƙasa gaban bencinsa. Na kwance kan batir, baƙi tukuna sannan ja, na ɗago shi da hannu biyu na kai na ajiye a kan buhun. Na koma na sassauta ƙarfen da ya riƙe tiyo. Ya manne, sai da na yi ta murɗa shi a hankali kafin ya saki. Ruwan lagireto ya kwararo ƙasa, ruwan da na tace da ƙyalle na zuba da hannuna, ya bi ta ƙarƙashin takalmina. Na goge tiyon da tsumma na ajiye kusa da batir. Akwai wata 'yar waya da na tuna daga tsohuwar fitilar zaure na samo ta, Yaya bai ma san da ita ba. Na bi ta har inda ta shiga, na cire, na naɗe, na ɗora a kai.

Hirar bencin ta tsaya. Bala ya ce, "Yau ga aiki. Ni ana kawo mani mota in tada, wanga ya zaka kashe tashi."

Na koma na durƙusa, na ce, "Yaya, ga kayan gandu. In da saura ka hwaɗa mani in ɗebe."

Kafin ya amsa sai ƙwan fitilar rumfar Bala ya kama, rediyon mai shayi ya ɓarke da waƙa. An kawo wuta. Yaya ya miƙe tsaye.

"Bala, yanka."

Bala ya sauke tabarau, ya jawo injin yankan ƙarfe, ya danna ya gwada. Ƙararsa ta shiga mini har haƙori. Ban tashi ba, don bai kamata in tsaya ƙerere gaban Yaya cikin mutane ba. Sai na matsa a durƙushe har jikin motar, na miƙa hannu na ɗora tafina a gefen rufin, a kan layin allin. Ranar na ga amfanin gajartarta. Ina ƙasa yadda ƙane ke zama gaban wansa, hannuna kuma yana inda nake so.

Bala ya kashe inji. "A'a. Ni ƙarhe nika yanka, ba ni yanka nama. Mahauta na can gaba."

"Zayyanu, ɗauke hannunka."

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Ni kaka kunyatawa garin mutane?"

"Allah shi tsare ni. Ba ni musu da kai kan komi na gida. Amma wagga tawa ta, da bijimina nis same ta."

"Bijiminka!" Ya juya wajen mutanen benci kamar su ne alƙalai. "Ku tambaye shi mi bijimin yac ci. Harawar wace gona? Dusar wane gida? Rani guda shina cin na gandu, yau a ce mani bijiminai!"

Wani tsoho a bencin ya gyaɗa kai ya ce wannan magana ce. Ni ma na san magana ce. Ban shirya mata ba. Harawa ba a kwance ta da sifana a ajiye kan buhu. Na dubi ruwan da ƙasa ke shanyewa, hannuna ya fara sagewa, kwanon rufin da zafi.

Albasar gayaunata tana nan ban cira ba, don na dasa ta a makare da gangan, in ci kasuwar baya. Da ita na yi niyyar yi wa motar fenti, da sauran in sai wa kaina babur. Na daɗe ina kallonta tana girma.

Na ce, "Albasar gayaunata ta bana, duka, na bar wa gandu. Ka ba mai mota wani abu ciki shi kwashe albasar gida da wuri. Ko Auwal ka yi wa tayin rabi, shina barin dillalai shi zaka. A madadin harawa."

"Duka?" in ji tsohon.

"Duka, Baba."

"Kai yaro, kana da hankali kuwa? Don wagga da ko buhu ɗaya ba ta ɗauka?"

"Ba ta ɗauka, Baba."

"To mi ar ranarta?"

"Ba ta da rana. Haka nika sonta."

Wani ya yi dariya, wani ya ce subhanallahi. Yaya bai yi dariya ba. Ya matso har inuwarsa ta rufe ni, ya rage murya yadda mu biyu kawai za mu ji.

"Wanga ƙarhe ya hi ma gidanku?"

"Bai hi ba, Yaya. Gobe da asuba ina fadama, jibi ma haka. Duk aikin da kas sa ni ina yi. Amma ba a yanka ta."

Na ga jijiyar wuyansa tana motsi. Na ɗauka zai mare ni, na kuma yanke a raina ko ya mara hannuna ba ya sauka. Bai mara ba. Ya sunkuya ya ɗauki batirin ya rungume a ciki, ya ce, "Na karɓi albasa. Mutanen ga shaida na. Motar kuwa kada in ƙara ganinta rumfata." Ya fita bakin hanya ya tsayar da kabu-kabu, ya hau da batirin a cinya. Tiyo da waya ya bar su nan. Na naɗe su cikin buhun don in kai gida, tunda na ce na gandu ne.

Sai da ya ɓace na sauke hannu. Yatsun sun ƙi lanƙwasuwa.

Bala ya ce, "To ango, ka ci nasara, ka samu gawa. Ba batir, ba ruwa, ba gida. Ni kuma hilina na haya na, ina da a-kori-kura biyu na jira."

Na roƙe shi ya taimake ni mu mayar da gilashin baya. Ya yi ƙorafi, amma ya kawo igiya da ruwan sabulu, muka zaunar da robar a hankali har ta shiga. Yana aikin yana leƙa ciki. Ya ce shekara nawa yana yanka motoci bai taɓa ganin mai kujera a ƙasa haka ba, wannan ai kwanciya ake yi ana tuƙi.

Ƙanwar tsohonmu, Gwaggo Altine, a Shagari take aure, can bayan masallacin unguwa. Ba ni da wani wurin. Na buɗe ƙofa na kama sitiyari da hannu ɗaya ina turawa da kafaɗa, Bala da mutum biyu daga benci suka kama baya. Muka bi ta gefen kasuwa, masu rumfuna suna tambayar ko man ne ya ƙare, Bala yana ce musu amarya ce ba ta son tafiya da ƙafarta. A hawan kwalbati cikinta ya gogi siminti, na ji har raina, na ce su dakata, muka sa katako.

Gwaggo ta fito da carbi a hannu, ta tsaya a bakin zaure tana kallonmu.

"Zayyanu? Lahiya? Mi an nan kun ka turo mani?"

Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Mainasara ɗan ubanai na, ba shi son ganin abu zamne. Kai kuma ban san wa kab biyo ba." Ta zagaya motar tana taɓa ta da ɗan yatsa. "Tana tahiya dai?"

"Yanzu ba ta yi. Sai na samu batir da tiyo."

"Yaushe?"

"Sai abin da Allah yay yi, Gwaggo. Gayaunar bana ta tahi."

"Aje ta nan jikin bango, ƙarƙashin dogon yaro. Amma ka saro ƙaya ka kewaye, awakin unguwar ga ba su da kunya." Ta ja murfin ƙofa ta leƙa. "Buɗe mani in ji abin da ar raba ka da albasa."

Ta juya baya, ta dafa ƙofa, ta saki jiki. Kujerar ta fi nisa da yadda ta zata, ta faɗa ciki da salati, ƙafafunta a waje. Bala ya riƙe ciki don dariya. Ta gyara ɗankwali, ta kama sitiyari, ta dubi gaba ta gilashi.

"Ba laihi," in ji ta. "To ɗaga ni. Gwiwa ta ƙi."

Muna cikin ɗaga ta wayata ta yi ƙara. Inna ce, ta ari wayar maƙwabta. Ta ce Yaya ya dawo bai yi wa kowa magana ba, ya shige ɗaki. Ta ce in na ga dama tun abin bai yi nisa ba in koma wajen Bala in ce ya yi aikin, in zo in ba yayana haƙuri, ita za ta sa baki ya bar mini albasata.

Na ce, "Haƙuri ina ba shi, Inna, yau ɗin nan in na iso. Albasa kuwa na riga na bayar gaban mutane."

"Motar hwa?"

"Tana gidan Gwaggo."

"An yanka?"

"Ba a yanka ba."

Ta yi ajiyar zuciya ta kashe. Na tambayi Gwaggo inda gatarinta yake, don ina so in saro ƙayar kafin motocin Bodinga su ƙare.